Kamfanin da na yi hayar sunansa ya ce ba ni da ikon kai shi kotu a Abuja, wai haka ne?

Maman_Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san shari'a ko suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekara uku ke nan ina da shagon abinci a Gwarimpa da sunan wani kamfani na Legas, irin tsarin nan da ake kira faranchayis. Na biya kuɗin shiga, duk wata ina ba su kasonsu daga ciniki, kaza da kayan haɗi da kwali duk a wurinsu nake saye. A takarda an rubuta cewa unguwar tawa ce, ba za su ba wani ba. Watan jiya sai ga sabon reshe da sunan nan, tafiyar da ba ta kai minti goma a ƙafa ba daga ƙofata. Na kira, na rubuta, shiru. Da na ce zan kai ƙara sai manajansu ya yi dariya, ya ce in koma in karanta shafi na talatin da huɗu. Na duba, an ce duk wata rigima sai dai abitireshan a Legas, gaban mutum uku. To ni a Abuja nake, shagon a Abuja yake, cutar a Abuja aka yi mini ita. Wai da gaske kotun nan ba za ta saurare ni ba?

DanKubwa: Wa alaikumus salam. Hajiya tsorata ki kawai suke yi. Takardar kamfani ba ta fi kundin tsarin mulki ba. Kowane ɗan ƙasa yana da 'yancin zuwa kotu. Ki nemi lauya gobe ki shigar a Babbar Kotun da ke Maitama.

Lauyan_Garki: DanKubwa, a yi hattara da irin wannan shawara, kuɗin baiwar Allah ne za su ƙone. Hajiya, magatakarda zai karɓi ƙararki, babu mai hana ki shigarwa. Matsalar tana zuwa ne bayan an kai musu sammaci. Lauyansu ba zai ma taɓa maganar reshen ba, zai miƙe ya nuna wa alƙali shafi na 34 ɗin nan ya ce a dakatar da shari'a. Dokar abitireshan da sulhu ta 2023, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu, kwanaki kaɗan kafin ya sauka, ta ce in ɗaya ɓangaren ya nemi haka kafin ya shigar da amsarsa kan ainihin ƙarar, kotu ta tura ku can inda kuka yi alƙawari, sai dai idan sharaɗin kansa ɓatacce ne ko ba zai yiwu a aiwatar da shi ba. Tsohuwar dokar 1988 ta fi bai wa alƙali sarari ya duba ya ga dama. Ta yanzu ta matse.

Ke nan za ki biya lauya, ki yi watanni kina zarya, a ƙarshe a ce miki ga hanyar Legas.

DanKubwa: To ina amfanin kotun ke nan Barista? Mutum ya rubuta abin da ya ga dama a takarda ya ƙwace wa alƙali hurumi?

Lauyan_Garki: Ba a ƙwace ba. Alƙali cewa yake ku biyu baligai ne, kun sa hannu, ku je ku cika abin da kuka ɗauka. Hurumin yana nan, domin ko an gama abitireshan ɗin, wanda ya ci, kotu zai dawo ta tilasta hukuncin.

Maman_Iman: Innalillahi. Wallahi ranar sa hannu ni lissafin kaso da kuɗin shiga kawai na duba. Shafukan baya na ɗauka irin rubutun nan ne da ake cike takarda da shi.

Alhaji_Wuse: 'Yata, ba ke kaɗai ba ce. Na fi shekara talatin a kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya zauna ranar ɗaurin aure yana tambayar kotun da za a yi saki ba. Kowa riba yake hange. Su kuwa masu sunan sun yi wannan ciniki da mutum ɗari kafin ke, sun san inda ake faɗuwa, shi ya sa suke share wurin faɗuwar kusa da gidansu.

Yar_Tudun_Wada: Don Allah a yi mana bayanin abitireshan ɗin nan da Hausa. Ba shi ne sulhu ba?

Lauyan_Garki: A'a, kuma nan mutane da yawa suke ruɗewa. A sulhu, mai shiga tsakani ba ya yanke komai, lallashi yake har ku daidaita, in ba ki yarda ba ki tashi ki tafi abinki. Abitireshan kuwa alƙali ne na haya. Ku ne kuke zaɓarsa, ku ne kuke biyansa, a ɗaki a rufe ake yi ba a bainar jama'a ba, kuma abin da ya yanke ya ɗaure ku kamar hukuncin kotu. Babu ɗaukaka ƙara irin wadda aka saba. Ba za ki je ki ce ya yi kuskuren auna hujja ba. Iyakarki ki nemi kotu ta soke hukuncin cikin wata uku, kan dalilai 'yan kaɗan, kamar ba a ba ki damar kare kanki ba, ko ya yanke abin da ba a kawo gabansa ba.

Malam_Deidei: Wannan ai shi ne tahkimi a fiƙihu. Mutum biyu su naɗa wanda suka amince da shi ya hukunta tsakaninsu. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya bambanta shi ne a da wanda ake naɗawa dattijo ne da kowa ya san gidansa, ba a yi masa lissafin awa.

Akawun_Nyanya: Lissafin awar nan shi ne abin dubawa. Hajiya ta ce mutum uku. A al'ada ke ki zaɓi ɗaya, su zaɓi ɗaya, biyun su zaɓi na uku, kuma tun kafin a fara sauraro za a ce kowane ɓangare ya ajiye rabin kuɗin. Ki ƙara kuɗin ɗakin zama, mai ɗaukar bayani, lauyanki, jirgi, masauki. A kotu albashin alƙali gwamnati ke biya. Na taɓa riƙe wa wani maigida littafin shago da ya shiga irin wannan, da muka zauna muka tara abin da zai kashe sai muka ga ya kusa kai abin da yake nema. Ya haƙura. Kuma ina ganin da gangan ake rubuta mutum uku, don ƙaramin mai ƙara ya duba aljihunsa ya koma gida.

Lauyan_Garki: Akawu ya taɓo wuri mai kyau. Abin ban haushin ma, da takardar ta yi shiru kan adadi, dokar 2023 mutum ɗaya ta tanada. A tsohuwar doka ne shiru yake nufin uku. Amma tunda an rubuta uku ƙarara, sai in ɓangarorin biyu sun yarda a rage.

BaffaJos: Ni dai Hajiya ki gode wa Allah Legas aka ce miki. Ƙanina a nan Jos ya karɓi sunan wata makarantar koyar da yara lissafi da kwamfuta daga wani kamfanin waje. Da aka samu saɓani kan kuɗin da suke cira, ya buɗe takarda sai ya ga Landan, dokar Ingila, ƙa'idojin ICC, wato cibiyar abitireshan ta ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya. Kuɗin buɗe fayil kaɗai a ICC dala 5,000 ne, kuma ba a mayarwa. Wannan kafin a yi maganar lauyan da ake biya da fam, da biza. Mutumin da duk jarinsa bai fi wasu 'yan miliyoyi ba. Sauke allon ya yi ya sa wani suna.

DanKubwa: Landan kuma? A kan makarantar da ke Jos? Wannan ai mulkin mallaka ne da biro.

Injiniya_Lugbe: Baffa, ƙaninka ya yi wa yarjejeniyar rajista a NOTAP kuwa? Hukumar nan tana nan Abuja, tun 1979 aka kafa ta. Duk yarjejeniyar amfani da tambari ko fasahar kamfanin waje ana kai mata, kuma a dokarta an jera dalilan da za ta ƙi yin rajista, ciki har da in an tilasta wa ɗan Najeriya miƙa wuya ga kotun wata ƙasa. In ba takardar shaidarsu, banki ba zai tura wa kamfanin kasonsa ta hanyar hukuma ba. Wannan makami ne a hannun ɗan ƙasa lokacin ciniki, don shi ma Baturen yana son kuɗinsa su fita. Hajiya ma ta gwada zuwa can.

Lauyan_Garki: Injiniya, rabin farko daidai ne, amma kar mu aika Hajiya inda ba za a karɓe ta ba. NOTAP aikinta tsakanin ɗan Najeriya da kamfanin waje ne. Ita da kamfanin Legas duk 'yan gida ne. Kuma ko a na wajen, hukumar ba kotu ba ce, ba ta raba rigima. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta yanke a 2018 cewa rashin rajistar ba ya rushe yarjejeniya, hanyar fitar da kuɗi kawai yake toshewa.

BaffaJos: Bai yi ba Injiniya. Ta hannun 'yan canji yake tura musu.

Bazazzagi_a_Texas: Ina karanta ku daga nan, sai nake murmushi, don wannan kukan ko a Amurka tsoho ne. A 1985 Kotun Ƙolinsu ta yi shari'ar Burger King da wani akawu mai suna Rudzewicz. Shagonsa a Michigan yake, kamfanin ya kai shi ƙara a Florida inda hedikwatarsa take, kotu ta ce ya je Florida ya amsa, tunda da kamfanin Miami ya ƙulla hulɗar shekara ashirin. A 1996 kuma aka yi ta wani mai shagon Subway a Montana, takardarsa ta ce abitireshan a Bridgeport ta jihar Connecticut, kusan wancan ƙarshen ƙasar. Montana tana da doka cewa dole a rubuta irin wannan sharaɗi da manyan baƙaƙe a shafin farko, ba a yi ba, amma Kotun Ƙoli ta ce dokar tarayya ta abitireshan ta rinjayi ta jiha.

Bambancin kawai, a nan doka ta tilasta wa kamfani ya ba ka kundin bayani aƙalla kwana 14 kafin ka sa hannu ko ka biya ko sisi. Abubuwa 23 ne a ciki, na 17 shi ne yake faɗa maka inda za a yi shari'a da dokar da za a bi. Wasu jihohin kamar California sun haramta a ja mai shago zuwa kotun wata jiha. Ostareliya ma tun 2015 ta hana a rubuta cewa sai an fita daga jihar da shagon yake.

Yar_Tudun_Wada: Mu fa a nan akwai irin wannan?

Lauyan_Garki: Ƙudiri dai an sha kai shi majalisa. Amma abin da muke aiki da shi a kotu dokar kwangila ce ta gama-gari, da dokar tambari, da ta abitireshan. Abin da kika sa wa hannu shi ne dokarki.

Mai_Lemo_Utako: Ni abin da ban gane ba, me ya kai mutum hayar suna tun farko? Ga masu kilishi da masu masa da suka yi suna da kansu, babu wanda yake karɓar kaso a hannunsu. Ka zuba jarinka, ka biya haya, ka biya ma'aikata, wani yana Legas yana kwasar rabonsa daga ciniki ba ma daga riba ba.

Hajiya_Asokoro: Malam, faɗa da baki ya fi sauƙi. Sunan da mutane suka sani yana kawo mai saye tun ranar buɗewa. Mr Bigg's da muka taso muna gani ko'ina, yawancin rassan ai na mutane ne da suka karɓi suna. Tsarin ba shi da laifi, ni ma da shi nake ci. Abin da na yi daban shi ne kafin in sa hannu na ba lauya ya karanta, na biya shi, a lokacin har ina jin haushin kuɗin. Shi ya ce a canja wuri uku: a fara da sulhu na kwana talatin, in ya gagara mutum ɗaya ya yanke, zaman kuma a Abuja ko ta bidiyo. Sun ƙi Abuja, suka yarda da sauran biyun. Mutane suna ɗauka takardar nan saukakkiya ce ba a taɓa ta. Ana taɓawa, musamman in suna son shigowa garin da ba su da kowa.

Mai_Lemo_Utako: To Hajiya, na ji. Amma ke kina da lauya tun farko, mu 'yan ƙasa-ƙasa fa?

Hajiya_Asokoro: Wanda ya iya biyan kuɗin shiga ya iya biyan lauya na yini ɗaya.

Alhaji_Wuse: Ku bar wannan, ku koma kan matsalar yarinyar nan. Ni a ganina a nemi babba a cikin kamfanin, ba manaja ba. Manaja ɗan aike ne. A kasuwarmu in rigima ta tashi shugabannin layi ake kira, a zauna, kafin la'asar an gama. Ba a taɓa cewa sai an je Legas ba.

Lauyan_Garki: Ranka ya daɗe, akwai irin wannan zama ma a hukumance. Babbar Kotun Birnin Tarayya tana da cibiyar sulhu, Multi-Door, tun 2003, shekara ɗaya bayan ta Legas. Mutum zai iya shiga da ƙafarsa ba sai alƙali ya turo shi ba, su aika wa ɗaya ɓangaren gayyata. In an daidaita aka sa hannu, alƙali ya amince da takardar, ta zama hukuncin kotu. Sharaɗin abitireshan bai hana sulhu ba. Illa dai ba a jan kowa dole, in kamfanin ya ƙi zuwa shi ke nan.

Hajiya Maman Iman, ki duba mini abu biyu a shafin. Na ɗaya, an ce Legas ce mazaunin abitireshan ɗin ko wurin zama kawai? Na biyu, akwai inda aka ware wa kamfanin damar zuwa kotu shi kaɗai?

Akawun_Nyanya: Barista meye bambancin mazauni da wurin zama? Ba duk Legas ba ce?

Lauyan_Garki: Wurin zama ɗaki ne, ana iya yinsa a Abuja ko ta bidiyo in an yarda. Mazauni shi ne gidan shari'ar a idon doka, shi yake nuna kotun da za ta sa ido da wadda za a je neman soke hukunci. Tsakanin Legas da Abuja abin da sauƙi, ƙasa ɗaya ce. In aka tsallaka iyaka ne yake zama babba. Ku tuna P&ID, kamfanin wajen nan da ya yi rigima da gwamnatin Najeriya. Kwangilar iskar gas ta 2010, dokar Najeriya aka ce za a bi, amma aka rubuta Landan a matsayin wurin zama. Najeriya ta ce mazaunin yana gida, aka yanke cewa Landan ne. A 2017 aka ci ƙasar nan dala biliyan 6.6, da kuɗin ruwa ya haura biliyan 11, kuma sai a kotun Landan aka je aka yi ta fama har aka soke hukuncin a ƙarshen 2023 saboda an same shi ta hanyar zamba. Kalma ɗaya a takarda ta kai ƙasa guda gaban alƙalin wata ƙasa.

BaffaJos: To a na ƙanina, da ya yi taurin kai ya ƙi zuwa Landan fa? Me za su iya yi masa a Jos?

Lauyan_Garki: Za a yi ba shi, a yanke, su ɗauko hukuncin su kawo kotun Najeriya ta tilasta. Akwai yarjejeniyar New York ta 1958, Najeriya ta shiga a 1970, ƙasashe sama da 170 suna ciki, kowace tana aiwatar da hukuncin abitireshan na 'yar uwarta. Shi ya sa kamfanonin waje suka fi son sa a kan kotun ƙasarsu.

Da kotun waje aka rubuta ba abitireshan ba, da ɗan sarari. A 1987, a shari'ar Sonnar da jirgin ruwan Nordwind kan shinkafar da aka ɗauko daga Thailand, takarda ta ce kotun Jamus, Kotun Ƙolinmu ta ce a yi a nan, domin wa'adin shigar da ƙara ya riga ya wuce a can. Amma a 2008 a shari'ar Nika Fishing, kotun ta ce a bi abin da aka rubuta, a tafi Ajantina. Sai ka kawo ƙwaƙƙwaran dalili, "nisa" kaɗai ba ya isa.

Maman_Iman: Barista na duba. An rubuta Legas ce mazauni. Sannan a ƙasa akwai wani sakin layi da ya ce kamfani yana iya zuwa kowace kotu neman umarnin gaggawa don kare tambarinsa ko karɓar bashin da yake bi. Ni ba a ambace ni ba.

DanKubwa: Kun gani ko! Su ƙofa biyu, ita taga ɗaya.

Lauyan_Garki: Haka aka saba rubutawa. Shi ya sa zan roƙe ki kar ki bi shawarar duk wanda ya ce ki daina biyan kaso don ki rama. Ranar da kika daina, kin ba su dalilin soke yarjejeniya, su tafi Babbar Kotun Tarayya, wadda sashe na 251 na kundin tsarin mulki ya ba hurumin shari'ar tambari, su samo umarnin a sauke allonki. Ke ce za ki koma mai laifi. Amma ke ma ba a rufe miki ko'ina ba: dokar 2023 ta bar wa kotu ikon ba da umarnin wucin gadi ko da akwai sharaɗin abitireshan. Sai dai tunda reshen ya riga ya buɗe, samun umarnin rufe shi zai yi wuya, maganar diyya ta fi kusa.

Malam_Deidei: In masu kamfanin Musulmi ne, ba za a iya kai su kotun Musulunci a nan ba?

Lauyan_Garki: Malam, kamfani ne mai rajista, shi kansa mutum ne a idon doka, daban da masu shi. Kuma sharaɗin nan zai bi ta duk kotun da ta je.

Hajiya_Asokoro: Maman Iman, ki nemi sauran masu rassa a Abuja. Na tabbata ba ke kaɗai aka yi wa ba. Kamfani yana iya share wasiƙar mutum ɗaya, amma in mutum shida suka sa hannu a wasiƙa ɗaya, mai kamfanin da kansa zai hau jirgi. Kuma ki fara tara lissafin cinikinki na wata-wata, kafin buɗe reshen da bayansa. Ko ina aka je shi za a tambaya.

Akawun_Nyanya: Wannan gaskiya ne. In kina so in nuna miki yadda ake jera shi, ki yi mini magana ta gefe.

DanKubwa: Ni har yanzu ban gamsu ba. Dokar da ta ce mai ƙaramin ƙarfi ya bi mai babban ƙarfi gidansa neman haƙƙi, gyara take so. 'Yan majalisarmu suna nan Abuja, shagunan nan suke sayen abinci.

Maman_Iman: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira wata mai reshe a Kubwa, ta ce ita ma an matso mata da sabon reshe bara, ta yi shiru ne don ba ta san inda za ta kai ba. Za mu haɗu ranar Asabar. Barista, wata tambaya: a shafi na 35 an ce duk ƙorafin da ba a gabatar cikin wata goma sha biyu ba ya faɗi. Daga yaushe ake fara ƙirgawa, ranar da suka ba wancan izini ko ranar da ya buɗe?

Lauyan_Garki: Ya danganta da yadda aka rubuta jimlar. Ki turo hoton sakin layin kawai, ki rufe sunan kamfanin. Ita ta Kubwa kuma ki ce mata ta duba nata yau, kar ta jira Asabar.